Kwalabe Bakwai, Kati Ɗaya

Har yau ban yafe wa wanda ya tura malamin asibitinmu kwas a Kano ba. Ban san shi ba, ban san ko yana raye ba, amma ban yafe ba. Muna zaune da bawan Allahn nan lafiya, ka kai kwalba ya cika maka, ka yi godiya ka kama hanya. Aka ɗauke shi wata uku, aka dawo mana da shi yana tambayar mutane yadda suka kwana, kuma da gaske yake yi, amsa yake jira.

A shekarun nan, kafin a sami mulkin kai, ɗakin shan magani guda ne muka sani a wajenmu, na Kiru. Mu kuwa muna wani ɗan ƙauye bayan Yako. Mijina ya rasu, 'ya'yana sun yi aure, ni kuma na ce na gama, na kama sana'ar mai da ƙuli-ƙuli. Duk ran kasuwa sai in ɗaura wa jakin da marigayi ya bar mini kaya, mu tafi Kiru. Matan unguwarmu suna kulle, ba mai fita sai biki ko rasuwa. To wa zai kai musu ciwonsu asibiti? Mazansu? Ki ce wa namiji mararki ke ciwo, kafin ya wuce Yako ya mai da shi ciwon kunne. Saboda haka ni ce mai kai cuta. Da sassafe ake aiko mini da kwalabe, in bi gida gida in ji abin da ke damun kowa, in haddace. A lokacin ban san ko baƙi ɗaya na boko ba, sai da jikokina suka girma na shiga ajin manya. Amma kaina ba ya yoyo. Yadda aka faɗa mini haka nake saukewa, ba ragi ba ƙari.

Dokar asibiti ita ce ba a ba da magani sai ga mai ciwon da kansa. Wannan bai taɓa damuna ba. Sai in jera kwalabe a kan tebur in ce, "Malam, kaina, bayana, marata, haƙorina, gwiwata." Shi kuwa ba ya ko ɗaga kai. Yana da manyan kwalabe uku, fari da ja da mai ruwan ƙasa, ya tsiyaya wa kowace nata, in kwashe. Shekara huɗu muna haka, ba wanda ya ji kanmu.

Ran da ya dawo daga kwas na iske abin mamaki tun daga waje. Dattawa biyar a jere a gindin tsamiya, sun tuɓe manyan riguna, har da Sarkin Fawa, duk sun sunkuya suna ƙoƙarin taɓa yatsun ƙafarsu. Malam yana gefe yana ƙirga musu. Na ce, "Sarki, wani abu ya faɗi ne in taya ku nema?" Ya ce, "Wuce, 'yar nan, maganin ciwon baya ne, daga Kano aka zo da shi." Bai iya ɗagowa ba sai da aka kama shi.

A ciki kuma an ajiye kujera. Kujera, domin mai ciwo! Malam ya ce, "Inna, bismilla, zauna." Na ce ni ba zama ya kawo ni ba, na bar kayana a kasuwa. Ya ce sai na zauna. Ya jawo wani farin kati, ya ɗauki alƙalami, ya zuba mini ido kamar mai jiran tatsuniya.

"Inna, likitan da ya koyar da mu ya ce ciwon da ya daɗe ba kwalba kaɗai yake so ba, sai an saurari mai shi. Ya kuma ce in mutum ya ce yana ciwo, a yarda da shi, ko da ba a ga ƙurji ba. To, ina jin ki."

Na ce a raina, wannan ai sauƙi ne ya zo. Na buɗe baki na sauke masa kayan unguwa kakaf. Yana rubutu yana gyaɗa kai, yana "Uhm, ci gaba." Da na tsaya shan numfashi sai ya ce, "A ranki kuma yaya kike ji?" Na ce, "A raina ji nake a cika mini kwalabe." Ya rubuta wannan ma.

Haka muka yi kasuwa biyar. Kullum katin nan yana ƙara baƙi, ya cika gaba, aka juya baya, aka liƙa masa wani da allura. Ni ban san abin da ke ciki ba, na ɗauka ado ne irin na ma'aikata. Abin da na lura kawai, Malam ya fara ramewa, kuma in na shigo sai ya miƙe tsaye. Har ni ya sa na sunkuya a gindin tsamiyar nan, a gaban mahauta, da girmana da komai. Wannan ma yana cikin abin da ban yafe ba.

Cikin kwalabe bakwai da nake kaiwa, shida ba su dame ni ba, masu su suna warkewa su sake kamuwa, kamar kowa. Ta bakwai ce ke tsaya mini a wuya. Ƙaramar koriyar kwalba ce ta matar ƙanena. Ɗanta na fari ya rasu da ƙyanda damina biyu da suka wuce, yana tsaka da koyon tafiya. Aka yi mata gaisuwa, aka ce ta yi haƙuri, ta yi. Tun daga nan jikinta ya ƙi. Yau wuya, gobe ƙugu, jibi ƙafa. Ba barci, ba cin kirki. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, mun yi ƙaho, ta sha fari da ja da mai ruwan ƙasa har ta san ɗanɗanonsu da ido. Yarinyar da a da in tana daka har bayan gari ake jin luguden, ta koma kamar sillen kara. Tsorona kada damina ta uku ta zo ba ta.

A kasuwa ta shida Malam ya rufe ƙofa bayan na shiga. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na duba littafin da aka ba mu tun daga bango har bango, ban ga irin naki ba. Na rubuta wa malaminmu takarda. Ran Alhamis zai zo rangadi ya ga yadda muke aiki da karatun, ke zan fara nuna masa. Ina jin da ke zai koma Kano."

Na ce, "Wace Kanon? In yi me?"

"A duba ki da kyau. Bari ki ji." Ya ɗaga katin ya fara karantawa. "Kasuwar farko kin ce ɗan cikinki yana shurin ki a haƙarƙari."

"Na ce."

"Inna, jikokinki nawa?"

"Tara. Ina ruwanka?"

"An koya mana akwai wadda damuwa ke sa ta ji motsi ba ciki, wannan na gane. Amma kasuwa ta biyu kin ce ƙugunki bai sake daidai ba tun da kika faɗo daga kan giginya kina saurayi."

 Wannan ciwon wani tsoho ne a maƙwabtanmu, haka ya faɗa mini, haka na sauke.

"Ta uku kin ce haƙoranki na gaba ne ke fitowa, shi ya sa kike zawo. Ta huɗu kin ce duka haƙoranki sun zube, dasashin ke ciwo. Inna, ga haƙoranki nan ina gani, goro kike ci da su. Ta biyar kuwa," ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya, "kin ce kina tari, kuma kwana uku ko dusa ba ki kalla ba."

Wannan jakina ne. Shi bai aiko ni ba, ni na ga ya kamata. Farin maganin kuwa ya karɓe shi.

Na ga dai in ban yi magana ba ran Alhamis za a loda ni a mota a Kwanar Dangora, a kai ni birni a tara ɗalibai a kaina. Na miƙe na ce, "Kai yaro, wata uku aka yi ana ɗura maka karatu, ba a koya maka cewa mace ɗaya ba ta zama mai ciki da jinjiri da tsoho da jaki ba? Cutar unguwa ce nake kawo maka! Shekara huɗu ina kawowa, kana cikawa!"

Ya dube ni, ya dubi katin, ya dafe kai. Na ɗauka kuka zai yi. Ashe dariya ce, ta ƙwace masa har ya kifa goshi a tebur. Da ya farfaɗo ya ce, "Inna, kasuwa biyar ban ci tuwo na ƙoshi ba saboda ke. Har addu'a na sa aka yi miki. Yanzu me zan ce wa likita ran Alhamis?"

"Ka ce masa na warke. Ai sunanka zai fito."

Ya share hawaye, ya gyara zama, ya ce to mu raba gado. Ya riƙa karanto ciwo ina faɗin mai shi. Wannan na mai ciki, wannan na tsoho, wannan na jinjiri, wannan na kakarsa. Da muka zo kan jaki ya ce a gaishe shi. Sai ya ɗora yatsa a wani wuri, ya gangara da shi ƙasa, ya juya katin, ya sake ɗorawa.

"Wannan fa? Kowace kasuwa sai ya fito. Ciwo mai yawo a jiki, ba barci, ba ci, hawaye na zuba ana tsakar aiki. Sauran suna zuwa su wuce, wannan bai taɓa fashi ba. Na wace ce?"

Na faɗa masa, har da yaron da ƙyandar.

Ya ɗauki koriyar kwalbar ya miƙo mini ita yadda na kawo ta. Ya ce, "Sauran zan cika miki yau, na ƙarshe ke nan. Wannan ba zan cika ba. Ciwonta gaskiya ne, ba ƙarya take ba, amma ba a kwalba maganinsa yake ba. Wani baƙin cikin in bai sami bakin fita ba, a jiki yake zama. Wa ya taɓa zaunar da ita ya ji ta bakinta a kan yaron nan?"

Na ce, "Ɗan fari ne. Wace uwa ce za ta zauna tana zancen ɗan fari? Ba ta da kunya ne?"

Ya ce, "To shi ke nan, shekara biyu ke nan tana kunya. Ban ce ina da tabbacin warkar da ita ba, Inna, ni ma jiya na fara koyo. Amma ki kawo ta ran Alhamis, ga ni ga likita, ke ma ki zauna kusa da ita. Ba zan ƙara yi mata magani ta bakinki ba."

Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta ba, tunda yanzu jikoki na karanta abin da na rubuta. Na kwashi kwalabena na fita, na bi ta kan dattawan gindin tsamiya ban gaishe su ba.

Da la'asar na isa gida, na raba shida, na shiga gidan ƙanena da ta bakwai. Na iske ta a bakin murhu, wuta ta mutu ba ta sani ba. Ta karɓi kwalbar, ta ɗaga ta ga ba komai, ta ce, "Yaya, shi ma ya gaji da ni ko?" Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Ta ajiye kwalbar a hankali kusa da tukunya.

Na fito zaure na sami ƙanena yana gyaran fartanya, na gaya masa yadda aka yi. Ya ce shi matarsa ba za ta je ta zauna a kujera gaban wani ƙato tana ba shi labarin zuciyarta ba, me za a ce da shi a gari? Na ce, "Za a ce ƙanen mahaukaciyar nan ne da ta faɗo daga giginya tana saurayi." Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. Na tambaye shi ran nan wace rana ce. Ya ce Laraba. Na ce madalla.

Washegari, rana ba ta gama fitowa ba, na shimfiɗa wa jaki tsohon bargon marigayi, na ja shi har tsakar gidansu. Na lulluɓe yarinyar da mayafina na zuwa biki, na ɗaga ta cak na ɗora, ba ta fi dami guda na gero nauyi ba. Ƙanena ya fito yana "Yaya, Yaya, wai me ke nan?" Na ce, "Ni na goye ka, har yau bayana bai manta ba, kuma wannan ciwon nawa ne na kaina, ban taɓa kai shi asibiti ba. Ungo." Na danƙa masa igiyar jakin a hannu, na ce ya shige gaba, tunda ba ya so a ce matarsa ta fita ba shi. Koriyar kwalbar kuwa na bar ta nan kusa da tukunya, na bi bayansu muka kama hanyar Kiru.