Tabo Biyu a Jelar Rawanin Baba

Shekarun baya, tun Nasara na mulki, ina amarya a Magarya, na kusa salwantar da ƙafar mahaifina da hannuna, kuma wai duk cikin so ne.

Maigidana anfirme ne a ɗakin likita na garin, shi ke wanke ciwo da yin allura. Mahaifina kuwa marini ne a Mallawa, tun da na buɗe ido ban taɓa ganin tafin hannunsa ba shuni ba. Gyambo ya kama shi a ƙwauri, ya yi ta ɗaure shi da ganye har ya kasa tsayuwa a marina. Aka ɗoro shi a jaki aka kawo mana. Bai so zaman gidan suruki ba, amma ciwo bai san kunya ba, sai muka gyara masa zaure. Maigidana ya duba ya ce in gyambon bai kama hanyar warkewa cikin mako uku ba, sai Damagaram, can kuwa yana tsoron a ce za a yanke ƙafar.

Maganin wankin wani gari ne da suke kira farmanganat. Maigidana yakan auna shi a ɗan ma'auni, ya narka a kwalba mai cin litir guda, ruwan ya yi duhu har ba a ganin bayan kwalbar. Daga nan ake ɗiban cokali ɗaya a zuba a moɗa goma ta ruwan da aka tafasa ya huce. Abin da ke fitowa kamar zoɓon marowaciya yake, ja-ja tsararo. A ƙwarya ake zuba shi, a ciki Baba ke tsoma ƙafarsa safe da yamma.

Kwana huɗu da farawa aka tura maigidana turne, wato zagayen ƙauyuka, wajen Waca, zai yi kwana goma. Ya ajiye mini kwalbar da cokalin, ya maimaita mini awon sau uku, har na ji haushi na ce ai ko tuwo da awo nake yi.

Ranar farko na haɗa yadda ya ce, na tsaya ina kallon ƙwaryar. Ni fa 'yar marini ce, a gidanmu zanen da bai yi duhu ba aikin banza ne. Zuciyata ta ce wannan awon na mutanen gari ne, don maganin ya ishi kowa. Amma mahaifina guda, ga kwalba cike, in ba shi ruwan ɗauraya? Na ƙara cokali biyu, na ga ruwan ya yi kyau, na ji daɗi.

Ni ce 'yar fari a wurinsa. Bai taɓa kiran sunana ba, ba ma haɗa ido, in zai yi mini magana bango yake kallo. Don haka da ya tsoma ƙafa na ga ya runtse ido, ban tambaya ba, shi ma bai ce komai ba. Kwana uku muna haka. Fatar gefen gyambon ta yi baƙi ta bushe, ta soma tsagewa, ni kuwa ina cewa a raina magani na aiki.

A rana ta huɗu da hantsi na ajiye ƙwaryar zan juya, sai ya yi gyaran murya. Ya warware jelar farin rawaninsa, ya tsoma gefe ɗaya a ruwan, ya shanya a kan gwiwarsa. Da ya sha iska wurin ya koma ƙasa-ƙasa mai duhu. Sannan ya buɗe ɗaya gefen, sai ga wani tabo mai haske kamar na shayi. Ashe tun ranar da maigidana ya fara haɗa ruwan ya tsoma, halin marini, ba ya ganin ruwa mai launi ya ƙyale.

Malam yake kiran maigidana. Ya jera su biyu, yana kallon bango, ya ce, "Wannan na Malam ne. Wannan na yau ne. A marina in toka ta yi yawa, zanen take ci."

Na durƙusa na ce, "Baba, cokali uku na sa."

Bai yi faɗa ba. Ya tambaya a moɗa nawa, na ce goma. Ya lanƙwasa yatsunsa shuɗɗa, ya ce in cokali ɗaya na cin goma, uku talatin suke nema, saura ashirin ke nan, kada a zubar da maganin mutane. Na tafasa ruwa ina kuka, na juye a babban masaki, na ƙirga moɗa ashirin da ƙarfi yana ji. Ya sake tsoma wani gefe na rawanin, muka zauna muna jiran ya bushe. Ya fito daidai da na Malam.

Da maigidana ya dawo ya kwance ƙafar, gyambon ya soma tsukewa, amma ƙunar gefen ba ta ɓuya. Ya ɗaga kwalbar ya ga inda ta sauka, ya juyo gare ni rai a ɓace. Kafin ya buɗe baki Baba ya riga shi.

"Malam, a bar ta. Ba rashin sani ba ne. Ƙafar ce tawa, shi ya sa hannunta ya yi nauyi."

Ba a kai shi Damagaram ba. Bayan wata biyu ya koma Mallawa, ya ƙara shekaru yana rini.

Har yau in za a haɗa wa wani nawa magani, ko ruwan gishiri da sukari ne, ba na yarda da idona, sai na ƙirga, don na san inda so yake kai hannuna. Baba ya rasu bai taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa jin ya rage ni da komai ba. Ranar da ya bar gidanmu ya koma Mallawa, da na shiga share zaure, na tarar ya yage jelar rawanin ya ninke ta a kan tabarma. Tana cikin adakata har yanzu.