Babur ɗin Baba Allura Ya Hau Mota

Baba Allura gyaran keken ɗinki yake yi, kuma bai taɓa buɗe shago ba. Shagonsa bayan babur ne: akwatin ƙarfe ɗaure da roba, cikinsa sukudireba iri-iri, kwalbar mai da gwangwanin noti. Shekara ashirin da biyu yana zagaya teloli da matan gida a kan babur guda, wanda a da ja ne, rana ta ƙoɗar da shi. Teloli ne suka laƙa masa sunan, don dogo ne siriri, kuma ba lungun da ba ya kutsawa.

Da ciwon gwiwa ya matsa wa matarsa, babbar 'yarsu, mai aikin jinya a wani gari mai nisan kwana biyu, ta ce su tattara su koma kusa da ita. Bai yi musu ba. Gado da kujeru duk ya rabar. Babur kuwa ya ce da kansa zai tuƙa shi har can.

"Haba Baba," in ji 'yar a waya, "kai da babur ɗin nan ai ba yaro a cikinku."

"Mun riga ki sanin hanya," ya ce.

Matarsa ta sa baki daga kan tabarma: "Malam, in ka tafi a kansa, wa zai riƙe ni wajen hawa bas?"

Nan ya sauko.

A tashar manyan motoci ya samu wani direba mai lodin katifu da zai bi ta garin. Baba Allura ya tsiyaye man tankin, ya cire wayar batir, ya kwance madubai biyu ya naɗe su cikin tsohon zane. 'Yan dako suka jingina katako, suka tura babur ɗin sama. Ɗauri kam bai bar wa kowa ba. Ya hau da kansa, ya ja igiya ta kusurwa huɗu, yana cusa tsumma duk inda igiya ta taɓa ƙarfe.

"Na mene ne tsumman, Baba?" direba ya tambaya.

"Kada fenti ya goge."

Direba ya leƙa da kyau. "Wane fenti, Allah ya ba ka haƙuri? Kwantar da hankalinka. Tsakanin katifu zai kwana, hutun da bai taɓa samu ba."

Shi da matarsa a bas suka riga motar isa, domin direban na tsayawa sauke kaya gari-gari. Kwana biyu Baba Allura yana zaune a ƙofar gidan 'yarsa kamar baƙon da aka manta da shi. A rana ta uku ya gaji, ya fita da ƙafa. Bayan kasuwa ya tarar da layin teloli. Yana wucewa ya ji wani keke yana tsallake ɗinki, ƙafarsa ta tsaya da kanta.

"Sannu da aiki. Keken nan ya daɗe yana yi maka haka?"

Telan, wani mai furfura, ya ɗago. "Wata guda ke nan, Malam. Mai gyaranmu ya bar gari."

Baba Allura ya ari sukudireba, ya buɗe ƙasan keken, ya daidaita ƙoshiyar zare. Telan ya taka, ɗinki ya miƙe sambal. Kafin la'asar Baba Allura ya duba keke huɗu, an ba shi kujera da ruwan sanyi.

Ranar da direba ya bugo waya yana cikin telolin. Uku suka rufe shago suka raka shi tasha, su suka kama masa aka sauko da babur ɗin lafiya lau. Ya zuba mai, ya haɗa batir, ya taka sau ɗaya, sau biyu, shiru. A na biyar babur ya yi tari ya tashi.

Tela mai furfura ya haye baya yana nuna masa hanya: nan makarantar koyon ɗinki, can gidan wata mai ɗinkin labule da kekenta ya tsaya tun bara. Sai da suka zagaye rabin gari ya isa gida. Matarsa na jin ƙarar daga ɗaki ta ce wa 'yarta, "Zuba masa abinci. Yau dai zai ci da yawa."