Kwamfutar Kawu

A gidan kawuna, yayan mahaifiyata, na tashi. Ni ne ɗan fari, saboda haka tun da aka yaye ni aka miƙa masa ni a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In ta zo gidan ta tarar da ni sai ta kau da kai, in kuma dole ta yi maganata sai ta ce "shi wancan". Na san al'ada ce, amma abin yana ci mini rai tun ina ƙarami, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Kawu malamin firamare ne. Da ya yi ritaya sai ya tsiri wani aiki da babu wanda ya sa shi: yana bin ƙauyuka daga Gagarawa har bakin iyaka, yana ɗaukar muryar tsofaffi. Wa ya haƙa rijiyar gari, daga ina kakanni suka taso, me aka ci a shekarun yunwa. Ni na sayo masa tsohuwar kwamfuta a Maigatari, na sa masa wata manhaja mai haɗa murya da rubutu, yadda in ya taɓa layi sai ya ji mai maganar. Manhajar ta tsufa, sababbin kwamfutoci ba sa karɓarta, shi kuma ya ce da ita ya saba.

Ina da shagon gyaran kwamfuta da buga takardu a Gumel. Shekarar farko, da bakina na yi masa wa'azi a kan ajiya. Na kawo faifai na daban, na kwafe kwamfutar ɗungurungum, da tsarinta da manhajarta da duk abin da ke ciki, na ce ya riƙa kawowa duk shekara ana sabuntawa. Kawu kuwa in ya riƙe magana ya riƙe ke nan. Duk bayan babbar salla sai ga shi a bayan ɗan acaɓa, kwamfuta da faifai a naɗe cikin tsohon rawani, ga ƙullin soyayyen nama. Ya ajiye, ya tafi gaishe-gaishe, ya dawo bayan la'asar.

"Injiniya, an yi?"

"An yi, Kawu."

Ba a yi ba. Aikin yana cin rabin yini, lokacin kuma shago cike yake da masu buga katin biki. Sai in goge mata ƙura, in mayar cikin rawanin, in cinye naman. A raina nakan ce, hirar rijiyoyi ce dai, baɗi na yi. Shekara huɗu a jere ina kallon idon mutumin da ya goya ni ina ce masa an yi.

A cikin shekarun nan Inna ta rasu. Bayan sadakar bakwai Kawu ya ja ni gefe ya ce ya ɗauki muryarta ita ma, kuma akwai wani ɓangare da nawa ne, in hankalina ya kwanta in zo in ji. Na ce to. Na yi ta ja da baya, don ina tsoron abin da zan ji.

Damina ta zo, soron ɗakinsa ya yi yoyo daidai kan teburin. Da ya kawo mini kwamfutar, ruwa har ɗiga yake daga gefenta. Ko a jikinsa. Ya miƙo faifan yana murmushi, ya ce, "Ai ga amfanin wa'azinka."

Nan ya kamata in faɗi gaskiya, amma na ce ya ba ni mako guda. Na ciro faifan cikin kwamfutar na shanya, na jona, sai ƙas-ƙas yake yi. Na hau mota na kai Kano wajen wanda ya koya mini aiki. Ya kara a kunne, ya girgiza kai, ya ce in yi masa addu'a kawai. Na dawo ina jin haushin soron, da ruwan, da mai gyaran ɗaki, kowa dai ban da ni.

Saura tsohuwar ajiya. Tunda babu kwamfutar da za ta ɗauki wancan tsarin, sai na gina mata wata a cikin tawa, kamar yadda ake yanka ɗan ɗaki a cikin zaure. Na ware mata wuri da ƙwaƙwalwa, na juya ajiyar ta zama faifanta. Da na kunna, allon ya yi shuɗi ya tsaya. Tsohon tsarin yana neman kayan da ya sani, bai gan su ba. Kwana biyu ina fama, har na gane irin mahaɗin faifan da na zaɓa masa ne sabo. Na canza zuwa na da. Sai ga wannan ƙaramin sauti na buɗewa, sai ga hoton gonar geronsa ya cika tagar. Wallahi har na yi alfahari. Wata wauta ta raya mini cewa in ya ga wannan bajinta, wataƙila ba zai lura da sauran ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya zo. Na ba shi kujerata. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah. Tawa ce a cikin taka?"

"Ita ce, Kawu."

"To ina jikinta?"

"Babu jiki, sai hali."

Ya yi dariya har da buga gwiwa. Ya kama linzamin kwamfutar, ya buɗe manhajar, ya taɓa wani layi, muryar wani tsoho ɗan Gagarawa ta fito ras. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya yi mini albarka. Sannan ya fara gangarawa ƙasa cikin jerin, yana karanta garuruwa a hankali. Ina tsaye a bayansa.

Jerin ya ƙare. Ya koma sama, ya sake gangarowa. Ya rufe ya buɗe. A gefen allon akwai wata takarda da yake rubuta waɗanda bai kai ga ɗauka ba tukuna, ya buɗe ta. Layi na uku yana cewa: ƙanwata, ta ce sai bayan kaka.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Bai juyo ba.

"Wannan ta shekarar farko ce."

"E, Kawu."

"Sauran fa?"

Na durƙusa a ƙasan shagon, a gaban wani mutum da ke jiran a buga masa takarda, na faɗa masa komai. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu kamar yadda yake yi ina yaro. Bai yi ko ɗaya ba. Can ya ce wa mutumin ya yi haƙuri ya ɗan ba mu wuri, don kada bare ya ga ɗansa a haka. Wannan karar da ya yi mini ta fi mari zafi.

"Da ka ce ba ka da lokaci, ai da na nemi wani," in ji shi. "Tsofaffin nan yawancinsu sun tafi. Amma tashi, ƙasa da sanyi."

Ya naɗe rawaninsa babu komai a ciki. Na raka shi bakin titi, ina ta juya tambayar a baki, sai da ɗan acaɓa ya tsaya na iya fitar da ita.

"Kawu, me Inna ta ce?"

"Ta sa na yi alkawari ba zan faɗa da bakina ba. Ta ce maganarta ce, a bakinta za ka ji, in ba ta nan balle ta ji kunya." Ya tattare rigarsa ya hau. "Abin da zan iya gaya maka, ta daɗe tana magana a kanka. Sau uku ta kira sunanka."

Na koma shago. Kwamfutar Kawu tana nan a buɗe a cikin tawa, da takardar da ke cewa sai bayan kaka. Har yau ban goge ta ba, kuma har yau ban san yadda sunana yake a bakin Inna ba.