Mumuni Mai Bugu da Mahon Kafaɗa

Mumuni bai taɓa zama a teburin liyafa ba har ya bar duniya. Bai ma san hannun da ake riƙe cokali mai yatsu da shi ba. Amma shekara da shekaru, ma'aikatan gwamnatin da ke zaune unguwannin Harobanda da Lamorde a Yamai ba sa fita cin abincin manya sai sun biyo ta rumfarsa ya faɗa musu abin da za su sa.

Mutumin Tibiri ne, Bagobiri, da zanensa a kumatu. Ya shigo Yamai a shekarar 1973, bayan hatsinsa ya ƙone a gona damina biyu a jere, tun bai kai gwiwa ba. Ya bar matarsa Hajjo da ƴaƴa uku wurin ƙanensa, ya hau bayan kamiyo, babbar motar kaya. Ba shi da komai sai ƙarfin damtse. Wani tsohon mai wanki a bakin kogin Isa, kusa da gada, ya ɗauke shi yana matse masa kaya. Daga matsa ya koma wanki, daga wanki ya koma guga, a ƙarshe ya tsaya a bugu. A jiƙa shadda da ruwan ƙaro, a shanya ta, a ninke, a ɗora bisa gungume, a yi ta dukanta da mabugi har ta ɗau ƙyalli. Masu bugu suna da yawa a Yamai, amma shaddar da ta fito daga hannun Mumuni tun daga nesa ake gane ta. Kafin shekara uku ya kafa rumfarsa a Harobanda, ya aika Hajjo ta taho da yaran.

Iliminsa na liyafa kuwa a jikin dauɗa ya same shi. In riga ta dawo wanki, sai ya shimfiɗa ta ya duba kafin ya tsoma ta a ruwa. In ya ga miya a bakin hannun babbar riga, ya san a tebur aka ci irin na Turawa, mai rigar ya miƙa hannu ɗauko burodi, rigar ta share faranti. In ya ga jirwayen gumi tun daga wuya har gadon baya, an sa kwat ke nan a watan zafi, a tsakar gida. Sai ya tambayi mai kayan gidan wa aka je, ya riƙe a kansa. A haka ya san gidan da ake zama bisa tabarma, da gidan da ake ci a tsaye, da gidan da maigidan ba ya son kowa ya fi shi ado.

Bai iya lallashi ba. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, zai zo da babbar rigarsa a hamata, Mumuni ya ce masa, “Gidan darakta za ka? Mayar da wannan gida. A tsaye suke ci. Hannu ɗaya faranti, hannu ɗaya kofi, da wane hannun za ka naɗe riga? Sa kaftaninka ruwan toka, da hular nan mai zanen ƙasa.” Mutum ya yi fushi ya tafi, washegari ya dawo da kaftanin wanki yana dariya.

Shekara guda bayan zuwan Mumuni Yamai soja suka karɓi mulki, suna cewa waɗanda suka gabace su sun cinye hatsin taimako. A 1984 fari ya dawo, ya fi na farko muni. Kogi ya ja baya har sai Mumuni ya yi tafiya mai nisa cikin yashi kafin ya kai ga ruwan wanki. Mutanen arewa suka cika bayan gari da bukkokin buhu. Kamiyo-kamiyo na jar dawa suka riƙa shigowa, duk kuwa wanda ke riƙe da makullin magaza, wato ɗakin ajiyar hatsin, ido na kansa.

A wannan shekarar riguna uku suka kwana a rumfar Mumuni wata da watanni ba wanda ya zo karɓa. Masu su an kama su, an tafi da su. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne duka ukun sababbin shadda ne, shi ya buge su da hannunsa, kuma duka ukun sun dawo wanki ne daga liyafar gidan wani kwamandan soja guda.

Kayan kwamandan ma a rumfar ake wankewa. Wani soja mai suna Adamu, Bazabarme, shi ke kawowa: kaki huɗu da kaftani biyu da wuyansu ya fara lashewa. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme akwai wasa, don haka suna faɗa wa juna abin da ba a faɗa wa kowa.

“Bawana, ka gama kayan maigida?”

“Yaushe Bazabarme ya yi bawa? Kai da wandonka ɗaya, shi ma na gwamnati ne. Wai maigidan naku ba shi da riga sai waɗannan biyun?”

“Riga ce ba shi da ita, ido yana da shi,” in ji Adamu. “In ya yi liyafa ba ya zama ya ci. Ya ɗau tsoka ɗaya a hannu ya yi ta zagaya baƙi, yana shafa rigunan mutane. ‘Kai, wannan ta yi kyau, yaushe aka ɗinka?’ Su kuma sakarkaru sai murna. Da safe ya ba da sunaye.”

“To in mutum da guminsa ya saya fa?”

“Sai ya yi bayani a can. Ai ɗauka ake fara yi, bincike daga baya.”

Bayan kwana goma Malam Hamisu ya zo. Mutumin Damagaram ne, shi ke riƙe da makullin wata magaza a gefen gari, tun da Mumuni ya kafa rumfa yake kawo masa wanki. Mumuni ya san bai taɓa ko tiya guda ta hatsin nan ba, don matarsa Zeinabou tana bin layin awo a kasuwa kamar kowa, kaftanansa kuma uku ne tun zuwansa Yamai. Ranar Alhamis ce, ya kawo kaftanan biyu wanki, sannan ya kwance wani ƙunshi a hankali.

Rigar mahaifinsa ce, shuɗiyar shadda mai aikin hannu tun daga wuya har ciki, an ɗinka ta tun kafin ƙasa ta samu ƴancin kai. Mumuni ya san ta. Shekara shida da suka wuce ƙusa ta yaga kafaɗarta ta hagu, shi ya zaro zare daga cikin lafin rigar ya saƙe wurin, har Zeinabou da kanta ta nemi tsagar ta rasa. Bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, ya kuma sani.

“Baba Mumuni, Asabar bayan magariba, gidan kwamanda. Da Turawan taimako da kowa. Ina so ka buge ta har in ga fuskata a ciki.”

“Ba zan buge ta ba.”

“Ban ji ba.”

“Ka ji sarai, Malam. In na buge rigar nan, ba wanda zai ce ba jiya aka ɗinka ta ba. Mai makullin hatsi, a shekarar yunwa, cikin sabuwar riga mai aikin hannu. Ɗaga kai ka dubi waɗancan ukun da ke rataye.”

Hamisu ya duba, ya kau da kai. “Su sun ci. Ni ban ci ba.”

“Ka tabbata duka ukun sun ci? Ni ban sani ba. Na dai san sun yi ƙyalli.”

“Rigar ubana ce! Shekara goma ina shiga taro kamar ɗan aike. Rana ɗaya da aka gayyace ni cikin manya, sai in je kamar mai gadi? In hannunka ya gaji ka faɗa, masu bugu ba su ƙare ba a garin nan.”

Mumuni ya san gaskiya ne. Rumfa huɗu ke nan kafin a kai gada, kowannensu zai buge ta ba tambaya. Sai ya ninke rigar ya ce, “Bar ta. Ni zan kawo maka ita har gida ranar Asabar.”

Da yamma Hajjo ta same shi da reza a hannu, yana warware saƙar kafaɗar zare-zare.

“Malam, lafiyarka kuwa? Aikin da ka kwana uku kana yi?”

“Shi.”

“To ka bar ta ba bugu mana, ya isa.”

“Bai isa ba. Shadda mai kyau ce, ko ba bugu tana ɗaukar ido. Sai an ga tsufanta da ido.”

“Gobe a ce Mumuni ya lalata rigar gado. Wa zai ƙara ba ka kaya?”

Ya ci gaba da warwara. Ya buɗe tsagar ta koma yadda ƙusa ta bar ta. Ya nemo ƙyallen wata shuɗiyar shadda da ta koɗe, launinta bai zo ɗaya da na rigar ba, ya ɗora, ya bi shi da zare mai kauri, ɗinki irin na tsohuwar da ido ya fara gaza mata. Ya wanke rigar da sabulu kawai, ba ƙaro, ya ɗan bi ta da dutsen guga. Kaftanan biyu kuwa ya bar su jiƙe cikin baho. Na ukun yana jikin Hamisu tun Laraba, ya sha ƙurar magaza.

Ranar Asabar bai tashi daga rumfa ba sai da aka yi la'asar da nisa, lokacin da ba mai bugun da zai iya gyara komai kafin magariba. Ya taka da ƙafa zuwa Lamorde. Zeinabou ce ta kwance ƙunshin a tsakar gida.

“Inna lillahi! Baba Mumuni, mene ne wannan? Maho? A kafaɗa, inda kowa zai gani?”

“Don a gani aka sa shi.”

Hamisu ya fito daga wanka, ya tsaya yana kallo. Sannan ya juyo ga Mumuni. “Ina kaftanaina?”

“Suna cikin ruwa.”

“Da gangan ka yi.”

“Da gangan. Ka sa ta, Malam, da tsohuwar hularka, ba sabuwar ba. In kwamanda ya taɓa ta ya tambaye ka, faɗa masa gaskiya: ta wa ce, yaushe aka ɗinka. In kuma ka ƙi zuwa, wannan ma suna ne za a rubuta. Zagina kuwa ka ajiye sai ka dawo, ina nan.”

Hamisu bai ajiye ba, a nan take ya zage shi, ya ce kada ya ƙara taka masa gida. Amma ba shi da wata rigar, ya sa ta ya tafi.

Ranar Litinin Zeinabou ta zo rumfa da kanta, ta jefa rigar bisa gungume ba sallama. Mumuni ya shimfiɗa ta yadda ya saba. Hannuwa tsaf, ƙirji tsaf, alamar Hamisu bai ci abin kirki ba. A kan mahon kuwa ga maiƙon nama: yatsu uku ta baya, babban yatsa ta gaba. Mutum ba ya kama kafaɗarsa ta haka.

“Kwamanda ya daɗe yana riƙe da shi,” in ji Mumuni. “Me ya ce?”

Ta faɗa tana hararar gefe. “Wai ya tambaye shi ko ba shi da tela ne. Mutane suka yi dariya. Malam ya ce rigar mahaifinsa ce, ta girme shi a aikin gwamnati. Sai ya ce masa, ‘Riƙe ta da kyau,’ ya wuce.”

A makon nan aka tafi da mutum biyu cikin waɗanda suka je liyafar. Magazar Hamisu ma an zo an buɗe ta, amma yana tsaye a wurin da makullinsa a hannu aka bincika, ba a rasa komai ba, aka bar shi. Ba mahon ne ya sa shi zama mai gaskiya ba, da ma shi ne. Mahon ya sa an bincika kafin a ɗauka.

Labarin da ya zagaya Harobanda dabam ne. Waɗanda suka yi dariya a liyafar suka baza cewa idon Mumuni ya mutu, ya ɓata rigar gado. Kusan rabin masu kawo masa shadda suka koma rumfunan bakin gada. Hajjo ta ce ya fito ya faɗi dalili. Ya ce in ya faɗa wa mutum ɗaya, kafin Juma'a ya kai kunnen kwamanda, a ce Hamisu ya yi wa soja wayo. Haka ya yi shiru, ya koma wankin kaki da zannuwan gado, yana jan jarka daga tsakiyar kogi. Ko Adamu da ya tsokane shi, “Bagobiri, an ce ka makance,” cewa ya yi, “Ganin fuskarka kullum ai dole.”

Hamisu bai taɓa cewa ya gode ba. Bayan wata biyu dai kaftanansa suka dawo wanki, ba su kuma ƙara zuwa wata rumfa ba. Zeinabou ta taɓa roƙon a cire mahon a mayar da saƙar da. Mumuni ya ce sai ran da soja suka koma bariki.

Da ranar ta zo, a 1993, ta ɗauko rigar ta kawo masa. Lokacin idonsa ya mutu da gaske, ba ya ganin kafar allura. Ya shafa kafaɗar da yatsa, ya bi zaren mai kauri har ya zagayo.

“Bar shi,” ya ce. “Bai ko motsa ba. Kawo ƙaro dai, yau zan buge ta.”