Motar da Kamfani Ya Ba Ƙanena

Ni ban taɓa yin aikin albashi ba. Da buhu biyu na taki na fara, a bakin tashar Ƙaura, ina aunawa da kwano ina sayar wa manoman da ba su da ƙarfin buhu. Yau ina da shaguna da sito, ina sayar da taki da iri da maganin feshi. Amma har gobe in zan je kasuwar Shinkafi ko Zurmi, tsohuwar riga nake sawa in shiga motar haya, a matse ni tsakanin mai kaji da mai buhun gero. Mutane na cewa rowa ce. Ba na musu da su. Tun da daji ya lalace na fi son kada kowa ya kalle ni sau biyu a hanya.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, na girme shi da shekara goma sha biyu. Shi ya yi boko, ni ban yi ba. Ya gama difloma ya yi shekara biyar yana yawo da takardu, daga ƙarshe ya zauna yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, da mata da 'ya'ya biyu, albashin ba ya kai su tsakiyar wata. Na sha cewa ya zo mu zauna shago, ya ce shi bai iya ciniki ba, kunya yake ji ya ce wa mutum albarka.

Zaman kasuwa ya sa na san waɗanda ake ba mota a wurin aiki. Manajan banki ana ba shi, har da direba. Masu gyaran turakun waya suna da tasu, da tsani a ɗaure a sama. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji su ne suka fi kowa manyan motoci. Sai wakilan kamfanoni, na lemo da na sabulu da irin namu na taki da magani, waɗanda ke bin kasuwanni suna tallata kaya. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti kuwa, ko keke ba mai ba su. Na kuma daɗe da lura da abu guda: babba ana ba shi mota don ya huta, ƙarami ana ba shi don ya je inda babban ba zai je ba. Na san wannan sarai tun kafin abin da zan faɗa ya faru.

Wata shekara wakilin kamfanin da nake sayen maganin ciyawa a wurinsu ya bar aiki. Manajansu ya kira ni daga Kano, ya ce ko na san ɗan ƙasa mai takarda wanda ya san hanyoyinmu. Na ba da ƙanena. Kayansu na tafiya sosai a hannuna, don haka ba a ja magana ba. Suka ba shi zaɓi: ko a riƙa ƙara masa kuɗin zirga-zirga a kan albashi, ko a ba shi mota, in ya shekara huɗu yana aiki a sayar masa da ita da arha.

Ya zo shago ya same ni. "Yaya, ni kuɗin nika son ɗauka. In riƙa shiga motar haya kamar kai."

Na ce, "Kai dai har yau ba ka san duniya ba. Kuɗi cinye su za ka yi. Mota kuwa tana nan, shekara huɗu kamar gobe ne."

"To hanya fa?"

"Hanya ta Allah ce. Ɗauki mota."

Abin da ban gaya masa ba shi ne, na riga na hango motar tana kai mini kaya kasuwannin Dauran da Badarawa ba tare da na biya dako ba. Wannan shi ne gaskiyar dalilina, sauran duk ado ne.

Ranar da ya shigo da ita unguwa, farar a-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, da sunan kamfani a jikin ƙofofin gaba. Inna ta fito har waje, abin da ba ta saba ba, ta shafa gaban motar ta tofa addu'a. Maƙwabta suka yi ta barka. Wani dattijo ya ce masa, "Malam, yau kam boko ya yi rana." A takarda an rubuta ba a ɗaukar kowa a ciki in ba ma'aikaci ba, amma wa zai bi wannan a Ƙaura? Ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauki kayan biki, ta ɗauki gawa. Ta kuma kai kayana inda nake so. Shekarar farko ƙanena ya yi ƙiba, ya sake rufin ɗakin matarsa, ya daina sunkuyar da kai in an haɗu wurin ɗaurin aure.

Daga nan hanya ta ƙara ɓaci. Masu agaji suka daina zuwa ƙauyuka. Masu lemo suka koma sauke kaya a Ƙaura, mai so ya zo ya ɗauka. Fararen motocin da ke bin hanyar Zurmi suka yi ta raguwa, har ya zama daga na jami'an tsaro sai tasa.

Wani direban haya da na daɗe ina shiga motarsa ya ja ni gefe a tasha. "Alhaji, ka yi ma ƙanenka magana. Wagga mota tashi, daga nesa ba ta da bambanci da ta jami'ai. Mutanen ga na daji ba tsayawa za su yi su karanta abin da anka rubuta ga ƙofa ba. Mu tare mu suka yi. Irin tashi buɗe mata wuta suka yi."

Na kira manaja a ranar. Na ce ko a canza masa ƙaramar mota, ko a bari in sake mata fenti da kuɗina. Ya ce launin na kamfani ne, ba a taɓawa. Na ce to a mayar da shi kan kuɗin zirga-zirga. Ya ce an riga an sa hannu, sai shekara huɗu ta cika. Mutumin kirki ne a magana, Alhaji kaza Alhaji kaza, amma bai taɓa wuce Gusau ba.

Ajiye motar ma ba ya yiwuwa. Akwai wata 'yar na'ura da suka ɓoye a cikinta, tana nuna musu a ofis duk inda ta je. In ranar kasuwa ta zo motar tana ƙofar gida, to a wurinsu bai je aiki ba, ko da ya yini a kasuwar da ƙafarsa.

Sai na yi dabara irin tamu. Na kai motar wurin wani mai gyaran wayoyin mota, ya lalubo na'urar a ƙarƙashin sitiyari, ya ciro ta ya haɗa ta da batirin babur, muka sa a jakar buhu. Ƙanena ya koma sa tsohuwar riga, ya rataya jaka ya shiga motar haya. A Kano suna ganin mota ta je Shinkafi, ta je Gurbin Bore, ta dawo. Motar kuwa tana cikin sitona an rufe ta da tamfol. Direbobi suka sa masa suna mai mota a jaka. In ya zo tasha sai su ce, "Malam, kujera biyu za ka biya, kai da motarka." Shi ma ya yi ta dariya. Kusan wata uku muka yi haka, kuma a wata ukun nan hankalina ya kwanta.

Abin da ban yi tunani ba shi ne agogon tafiya, mai ƙirga nisan da mota ta yi. Da lokacin juyen mai ya yi, suka ce a kawo motar Gusau. Makanikensu ya duba ya ga ba ta motsa ba. Aka ba ƙanena takardar gargaɗi, aka mayar da na'urar wurin da ba mu iya kaiwa, aka kuma ce duk kasuwar da ya je sai ya turo hoton motar a tsakiyar kasuwar, shi yana tsaye a gefenta.

Na ce masa ya ajiye aikin. Na ce ya zo in ba shi shago ɗaya sukutum.

Ya ce, "Yaya, saura shekara guda da 'yan watanni."

"Bar musu. Ni zan saya maka wata."

"Ka saya mani? Karatu kai ka biya, aure kai ka yi mani, aikin ma kai ka samo. Wagga ɗaya dai bari in ƙarasa ta da kaina."

Na buɗe baki in yi masa tsawa yadda na saba, sai na ga mutum ne mai furfura a gemu yake tsaye gabana. Na ce to ya riƙa bin ayarin motocin da jami'ai ke rakawa. Ya ce ayarin ba kullum yake tashi ba, kasuwa kuma ba ta jira.

Damina ta kama, lokacin da manomi ke neman maganin ciyawa ido rufe, lokacin kuma da dawa ke rufe gefen hanya har ba ka ganin abin da ke taku goma daga kwalta. Wata safiya ya biyo shago ya ɗauki katan-katan zai kai Gurbin Bore. Ya sha kunu a tsaye, ya ce wa mai kunun ta cika ruwa, ta ce masa mai mota ai madara ya kamata ya sha. Da hantsi wani mai shago da nake ba kaya a Zurmi ya kira ni. Ya ce, "Alhaji, kana zaune?" Na ce ya faɗi kawai.

Mutanen daji ba su tare shi ba, ba su nemi komai ba. Daga cikin dawa suka buɗe wa motar wuta, ta sauka hanya ta daki bishiya. Da suka fito suka ga katan ɗin magani ne a baya, suka juya suka tafi, ko waya ba su ɗauka ba. Motocin haya biyu da ke bayansa ba wanda ya taɓa su. Mutanen cikinsu ne suka ciro shi. Da ransa har Zurmi, ya cika kafin a sa shi a gado. Ni na je na taho da shi, a bayan motar haya, kansa a cinyata. Aka yi masa sutura bayan la'asar.

Bayan addu'ar bakwai kamfani ya turo mutum biyu. Suka yi wa Inna ta'aziyya da ladabi, suka kawo buhun shinkafa da ambulan. Sannan muka je inda aka jawo motar aka ajiye. Na kwashe darduma da hularsa da takalmin ƙaramar 'yarsa ƙafa ɗaya da na tsinta a ƙarƙashin kujera. Na sa hannu cewa an mayar da mota da makullinta. Babban cikinsu ya zagaya ta yana duba ramukan harsashi, ya ce inji lafiya lau, gilashi ne da ƙofa. Da za su tafi ya rage murya ya tambaye ni, ko na san wani ɗan ƙasa mai takarda wanda ya san hanya.

Na ce ban san kowa ba.

Kafin magariba mutum huɗu suka same ni a shago, kowanne ya fara da ta'aziyya, ya zauna, sannan ya nemi lambar wayar manaja. Ɗayansu ɗan maƙwabcinmu ne, yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar.