Ƙahon Bayan Keken Sabi'u

Ni ne ban kyauta ba, kuma gara ku masu koyon zane a shagon nan ku ji daga bakina. Har yau ban manta ranar da Sabi'u direba ya kawo adaidaitarsa ba, a daminar bara, gero ya kai ƙugu a gonakin hanyar Minjibir.

Ya ciro shafin wani littafin zane na jaruman nan masu tashi sama, takardar duk ta yi laushi. A jiki akwai ɗan ƙaho baƙi rataye a wuyan jarumi. Ya ce, "Malam Tasi'u, shi nake so a bayan keken, yadda yake ɗin nan."

Na san ƙahon, na gan shi a fim a gidan kallo. Can na zinare ne, ya kai tsawon mutum, in aka busa shi benaye zubewa suke. Na ce a raina mai littafin ne bai iya zane ba.

Ƙa'idar aikinmu, da alli ake fara fitar da hoto, mai abu ya gani ya yarda, sannan a taɓa fenti. Na tsallake allin. Na zuba ruwan zinare, na kewaye shi da walƙiya, maƙwabta suna ta yabo.

Da ya dawo ɗaukar keken, ya dubi zanen. Ya ce, "Wannan ai na fim ne."

Na ce, "Shi ya fi kyau mana. Wa zai hangi ɗan tsurut ɗin can a titi?"

Ya zauna a benci. Ya ce na littafin ba ya rushe komai, ko ƙara ba ya yi. In jarumin ya busa, wanda ya ɓace masa ne kaɗai ke ji, ko yana ina, sai ya juyo gida. Yayansa Nura ne ke karanta masa a gindin ɗorawar gonarsu. Nura ya tafi neman aiki ta hamada, shiru har yau.

"Kullum ina kan titi," in ji shi. "In Allah ya dawo da shi, baƙin ƙahon nan na littafi zai gane. Na zinare kuwa kowa ya sani."

Na ce fenti ya riga ya bushe. Ya ja kekensa ya tafi.

Daga ranar, duk lokacin da na ɗaga kai na dubi gonaki, sai in ga kamar wani mutum yana fitowa daga cikin gero da jaka, ya dubi bayan keken, bai gane ba, ya wuce.

Ku riƙe wannan: wanda ya kawo hoto ya san abin da yake gani a ciki, mu hannu kawai muke ba shi aro.

Bayan girbi na same shi a tashar Ungogo, da alli a aljihuna. Na ce, "Sabi'u, na raina abin da ban sani ba. Ka yafe mini. Miƙo shafin nan, ka tsaya a kaina har in gama."