Tudun Unguwarmu da Idon Baban Yara

Shekarun baya, maigidana ya dawo daga wurin likitan ido, ya ɗora makullin tasi a kan firij, ya ce shi da tuƙi sun yi sallama. Hawan jinin ido ne. Likita ya ce ganin nasa yana tsukewa ta gefe-gefe, magani zai rage masa gudu ne kawai, abin da ya tafi kuwa ya tafi. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar fasinja tsakanin unguwar Jamaica da filin jirgi da Manhattan, sai ga shi zaune a falo da rana tsaka, yana juya rimot a hannu. Wallahi ganinsa a haka ya fi ciwon kansa ɗaga min hankali.

A bangon ɗakinmu akwai wata tsohuwar taswirar Italiya. Kafin ya zo Amurka, yana saurayi, ya yi tallar jakunkuna da bel a can. Yakan sauka daga jirgin ƙasa da ƙunshi a kafaɗa, ya shimfiɗa kaya a bakin hanya, ido ɗaya kan mai saye, ɗaya kan 'yan sanda. Ya sha gaya min cewa ya taka garuruwan da mutane ke tsallaka teku don su gani, amma shi bai taɓa ɗaga kai ya kalli gini ba. Burinsa ya koma a matsayin baƙo, a mota, ko na mako guda ne. Mu fara daga Perugia inda wani tsohon abokinsa yake, wanda ya yi alkawarin ba mu aron motarsa, sai Orvieto, sai Siena, mu ƙare a Lucca. Kowace shekara sai mu ce baɗi.

Wata safiya na same shi yana ɓamɓare taswirar daga bango.

Na ce, "Baban yara, mayar da ita inda take."

Ya ce, "Ta me? Wa zai tuƙa?"

Na ce, "Ni."

Ya yi dariya har da tari. Ban ga laifinsa ba. Ina da lasisi, amma amfaninsa a wurina bai wuce nunawa a banki ba. Sau ɗaya na taɓa tuƙa shi, ya yi ta taka birkin da babu shi a gefensa, har na tsaya a gefen titi na ba shi kayarsa. Ya share hawayen dariya ya ce, "Maman yara, motar abokina mai giya ce, ba irin ta nan da ake sa D a miƙe ba. Kuma garuruwan nan duk a kan tudu suke."

Na ce ai mu ma a kan tudu muke. Wanda ya san unguwarmu ta Tompkinsville ya san ba ƙarya na yi ba, hawa gidanmu da ledar cefane ma aiki ne.

Da 'yarmu ta ji, sai ta ce, "Mama, just rent an automatic." Gaskiya ta faɗa, hayar mota marar kuloci ta fi sauƙi. Amma a daren farko da ya fara yi min bayanin kuloci da hannu biyu a kan tebur, na ji muryarsa ta dā ta dawo, wadda ta ɓace tun ranar likita. Na ce mata ta bar ni da mai giyar.

Wani ɗan Nijar mai shago a unguwarmu yana da wata tsohuwar mota mai giya da yake ɗauko buhunan shinkafa da ita. Ya miƙo min makulli yana cewa, "Ga ta, Hajiya, amma doucement, a hankali, ta girmi ɗiyarki." Cikinta kuwa warin busasshen kifi sai ka ce a kasuwa kake. Kowace Lahadi bayan asuba, kafin titi ya cika, mukan fita. Na kashe motar nan har na daina jin kunya. A fili ina iya tafiya, amma da zarar na tsaya a kan tudu, tashi ya zama tashin hankali. Ko ta mutu, ko ta fara silalewa baya, shi kuma yana ta ihu, "Kuloci! Totur! Ba haka ba! Birki, birki!" Wata rana saura ƙiris na koma kan motar wani bawan Allah, ya leƙo ya zazzaga min Turancin da ba zan maimaita a nan ba. Na ja birkin hannu, na kifa kai a sitiyari na yi kuka.

Maigidana ya ce, "Ki bar shi. Na yafe. Ai na taɓa ganin garuruwan nan."

Na ɗago na ce, "Kai da bakinka ka ce ba ka gan su ba."

A makon nan ne ya miƙa hannu zai ɗauki cokali, ya ture kofin shayin da ke gefensa, don bai gan shi ba. Washegari na roƙi abokan aikina a gidan tsofaffin da nake kula da su, muka yi musayar ranaku, na jawo tafiyar daga kaka zuwa bazara. 'Yarmu ta nemo mana takardar tuƙi ta ƙasa da ƙasa. Shi kuma ya zauna da taswira yana koya min cewa ba a shiga cikin ganuwar tsofaffin garuruwan da mota, a waje ake ajiyewa a taka da ƙafa. Ni kuma na gano dabarata, in na cire takalmi, tafin ƙafata yana jin inda kuloci ke kamawa. Ya ce a duk direbobin da ya sani bai taɓa ganin wannan ƙauyanci ba. Na ce ya ƙara da nawa.

Muka tafi. A hanyar hawa Orvieto, wani gari da ke zaune a saman dutse, wata bas ta tsaya cak a gabana, daidai inda hawan ya fi tsanani. Wata mota ta matso bayana kamar za ta shiga but ɗinmu. Na ja birkin hannu, na yi bismillah, ina jiran in ji "Kuloci!" Shiru. Bas ta motsa, na saki ƙafa a hankali, na ji motar ta ɗaga hanci, na sauke birki. Muka haye sumul, ko taku ɗaya ba mu koma baya ba.

Na juya da fara'ata don in karɓi yabo. Ashe ko kallona ba ya yi. Ya manna fuska a gilas, yana juya kai a hankali don garin ya shiga ɗan abin da ya rage masa na gani, ƙafafunsa biyu a miƙe, ba sa taka komai.

Ya ce, "Maman yara, ashe dutsen nan ja-ja ne, kamar katangar gidanmu na Kano. Sau nawa na zo nan ban sani ba."

Yanzu ganin nasa saura kaɗan, ni ke kai shi masallaci da asibiti. Duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin launin dutsen Orvieto da bishiyoyin da suka tsiro a kan ganuwar Lucca, ba ya mance komai. Abu ɗaya ne ba ya cikin labarin, wato tashin da na yi a tudun nan, mafi kyau a rayuwata. In na tuna masa sai ya ce shi fa bai lura ba. Nakan yi kamar na ji haushi, amma Allah ya sani, don kada ya lura ɗin na koyi tuƙin.